Yadda Ake Gyara Kuskuren Rubutu a Takardar Sallamar Tsohon Sojan Amurka

Duk wanda ya sa kakin sojan Amurka har ya tuɓe, akwai takarda ɗaya da za ta bi shi har kushewa. Sunanta DD 214, ita ce takardar sallama, kuma tun 1950 rundunonin ƙasar suke ba da ita. Ita hukumar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, take dubawa kafin ta biya wa mutum kuɗin makaranta, ko ta tsaya masa a bashin gida, ko ta karɓe shi a asibitinta. Ita ake nema wajen ɗaukar aikin gwamnatin tarayya, ita hukumar shige da fice take nema idan tsohon soja zai zama ɗan ƙasa ta dalilin aikin da ya yi. Ranar da ya rasu ma, ita iyalinsa za su nuna kafin a ba shi wuri a maƙabartar sojoji.

Akawun runduna ne ke cika ta, yawanci a makon da sojan ya ƙosa ya ga gida. A miƙa masa, ya duba sama-sama, ya sa hannu. Tun ran gini ran zane: gyara mafi sauƙi shi ne wanda aka yi kafin sa hannun nan, domin a ranar akawu zai goge ya sake bugawa cikin 'yan mintoci. Da zarar an sallami mutum, takardar ta zama ta tarihi, babu mai goge ta. Sai dai a fitar da wata daban mai suna DD 215, wadda za ta ce gurbi kaza an rubuta kaza, a karanta shi kaza.

Ka fara samun cikakken kwafi

DD 214 iri biyu ake ba soja. Kwafi na 1 gajere ne, an yanke ƙasansa. Kwafi na 4 shi ne cikakke, shi ke ɗauke da irin sallamar da aka yi maka, da dalilinta, da lambar da ke nuna ko za ka iya komawa aikin soja. Na 4 ɗin za ka yi aiki da shi.

Takardar kaɗai ba ta isa ba. Ka nemi fayil ɗinka gaba ɗaya, domin hujjar gyaran sau da yawa tana cikinsa. Ana nema da fom SF 180, ko ta shafin eVetRecs na hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa. Cibiyar da ke riƙe da tsofaffin fayilolin ita ce NPRC da ke St. Louis a jihar Missouri. Waɗanda suka bar aiki a shekarun baya-bayan nan, fayilolinsu na kwamfuta ne a hannun rundunoninsu, kuma da yawa kan same su ta shafin intanet na milConnect. A kan fom ɗin ka rubuta ƙarara cewa duk fayil ɗin kake so. In ba ka faɗa ba, ana iya aiko maka da DD 214 ɗin nan mai kuskure kaɗai, ka ɓata makonni a banza. Tsohon soja da iyalinsa na kusa ba sa biyan kuɗi, sai fa idan fayil ya kai shekara 62 da sallama, lokacin ya koma na jama'a, ana biyan kuɗin kwafi.

Wani abu da ke ɓata wa mutane lokaci: NPRC ma'ajiya ce kawai. A da tana buga DD 215 a wasu ƙananan gyare-gyare, yanzu ta daina. In ka aika mata da buƙatar gyara, iyakarta ta nuna maka rundunarka.

Guraben da kuskure ya fi zama

Lambobin da za mu ambata na fom ɗin da aka yi amfani da shi daga 2009 ne. A tsofaffin takardu da sabon samfurin da ya biyo baya suna ɗan gocewa, don haka ka bi sunan gurbin.

Gurbi na 1 suna ne, na 3 lambar SSN, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum, na 5 ranar haihuwa. A nan 'yan Najeriya da Nijar da Gana da suka shiga sojan Amurka suka fi shan wuya. Tsarin can yana son sunan iyali guda, a fara da shi, sannan sunan yanka. Mu kuwa suna ne da sunan uba, wani lokaci da na kaka ko na gari, sai akawu ya juya su yadda ya ga dama. Ga bambancin rubutu: Muhammad da Mohammed da Mahamadou, Abubakar da Aboubacar. Harafi ɗaya ya isa kwamfutar VA ta kasa haɗa takardarka da sunan da ke hukumar SSN. Ranar haihuwa ma tana da nata tarkon. A Najeriya da Nijar rana ake fara rubutawa sannan wata, a Amurka wata ne a gaba. Wanda takardar haihuwarsa ta ce 03/08, wato 3 ga Agusta, sai a shigar da shi a matsayin 8 ga Maris. A DD 214 shekara ce ke fara zuwa, sai wata, sai rana, don haka 3 ga Agusta 1988 ya kamata ya fito 19880803.

Gurbi na 12 shi ne na lissafin aiki, kuma shi ne kuɗi ke rataye a kansa. 12a ranar shiga, 12b ranar fita, 12c jimlar aikin da ka yi a wannan zango, 12d aikin da ka taɓa yi a baya, 12f zaman ƙasar waje, 12g zaman teku. Ka yi lissafin da kanka. Ana ɗaukar wata a kwana 30, a cire ranar shiga daga ranar fita, a ƙara kwana ɗaya domin ranar farko ma aiki ce. Wanda ya shiga 15 ga Maris 2012 ya fita 14 ga Maris 2016, cirewa za ta ba da shekara 3 da wata 11 da kwana 29, ƙarin kwana ɗaya ya cika shekara 4 cif. Akawun da ya manta wannan kwana ɗayan ya rage maka aiki. Ana kuma cire kwanakin da aka rubuta a gurbi na 29, na lokacin da soja ya ɓata kamar tafiya ba izini, saboda haka ka tabbata ba a ɗora maka na wani ba.

Dalilin da kwana ɗaya ke da nauyi shi ne dokokin suna da layin da ake yankewa. Tallafin karatu na waɗanda suka yi aiki bayan 10 ga Satumba 2001 yana cika ɗari bisa ɗari ne a wata 36. Daga wata 30 zuwa ƙasa da 36 kashi 90 ake biya, daga 24 zuwa ƙasa da 30 kashi 80. Haka kuma wanda ya shiga soja bayan 7 ga Satumba 1980, galibin haƙƙoƙin VA suna buƙatar ya yi wata 24 a jere ko ya cika iyakar lokacin da aka kira shi, in ban da wanda aka sallama saboda rauni da makamantansa. Mutum yana iya rasa kuɗin makaranta mai yawa saboda an buga 11 a inda ya kamata a buga 12.

Gurbi na 13 lambobin yabo ne, na 14 kwasa-kwasan da ka yi, na 18 ƙarin bayani. A na 18 ake rubuta ƙasashen da aka tura soja fagen daga da ranakun. Tun da aka sa hannu kan dokar PACT, ta haƙƙin tsofaffin sojojin da suka shaƙi guba a bakin aiki, a Agusta 2022 wannan layin ya ƙara daraja, domin wanda ya zauna Iraƙi ko Kuwet ko Somaliya daga 2 ga Agusta 1990, ko Afganistan ko Jibuti daga 11 ga Satumba 2001, ana ɗauka ya shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara, ba sai ya kawo shaida ba. In takardarka ba ta nuna ka je ba, kai ne za ka sha wahalar tabbatarwa. Waɗanda suka yi aiki a sansanonin Yamai da Agadez kafin janyewar 2024 su ma su duba an lissafa musu watannin a 12f. Lambar Purple Heart ta waɗanda aka raunata a yaƙi, in an same ta daga 11 ga Satumba 2001, ita kaɗai tana ba da cikakken tallafin karatu ko watannin ba su cika ba. Faɗuwarta daga gurbi na 13 ba ƙaramar asara ba ce.

Wace ƙofa za ka buga

Mafi yawan jinkiri daga nan yake tashi. Ƙofa uku ce, kowace da aikinta.

Ta farko ita ce ofishin ma'aikata na rundunarka. Tuntuɓen alƙalami tsantsa, wanda fayil ɗinka da kansa ya ƙaryata, can ake fara kai shi. Na sojan ƙasa yana Fort Knox a Kentucky, na sojan ruwa yana Millington a Tennessee, na sojan sama yana sansanin Randolph a San Antonio ta Texas, na sojan kundumbala kuwa yana Quantico a Virginia. Su ne ke buga DD 215 idan, alal misali, umarnin ba ka lambar yabo yana cikin fayil amma ba a sa ta a takardar ba. Dakarun jihohi, wato National Guard, daban suke. Takardar sallamarsu NGB 22 ce, gyaranta NGB 22A, kuma ofishin babban kwamandan dakarun jihar ake tuntuɓa.

Ta biyu ita ce hukumar gyaran takardun soja, wadda sashe na 1552 na kundi na 10 na dokokin Amurka ya ba ikon gyara kuskure ko kawar da rashin adalci. Asalinta dokar 1946 ce, lokacin da majalisa ta gaji da zartar da doka ɗaiɗai don gyara takardar mutum ɗaya. Fararen hula ne ke zama a kanta, aƙalla uku a kowane zama. Ta sojan ƙasa ABCMR, ta sojan ruwa da kundumbala BCNR, ta sojan sama AFBCMR, dakarun gaɓar teku kuma tasu tana ƙarƙashin ma'aikatar tsaron cikin gida. Fom ɗinta DD 149. Ƙa'idarta ita ce sai ka gwada ƙofar farko tukuna. In ka tsallake, ana iya dawo maka da takardunka ba a duba ba, bayan ka yi watanni kana jira. Saboda haka wasiƙar da ofishin ma'aikata ya ƙi ka da ita, ka adana ta, ita ce za ta buɗe maka ƙofa ta biyu.

Ta uku ta masu neman a ɗaga darajar sallamarsu ce ko a sauya dalilinta. Fom ɗinta DD 293, wa'adinta shekara 15 daga ranar sallama. Wannan shari'a ce ta daban, kada ka cika DD 293 don gyaran suna ko kwanan wata. Sai dai akwai inda suke kama da juna. Idan umarnin sallamarka ya ce sallamar mutunci aka yi maka, akawu ya buga wata ƙasa da ita a gurbi na 24, wannan kuskuren rubutu ne, umarnin kawai za ka nuna.

Haka abin yake ga lambar yabo. Wadda aka ba ka aka manta rubutawa, gyara ce. Wadda ba a taɓa ba da shawarar ba ka ita ba, kuma wa'adinta ya wuce, sai ta hannun ɗan majalisar tarayya a ƙarƙashin sashe na 1130 na kundi na 10.

Hujja

Hukumar tana farawa ne da zaton cewa abin da gwamnati ta rubuta daidai ne. Nauyin kawar da wannan zato a wuyanka yake, kuma ba za su fita su yi maka bincike ba. Abin da ke cin nasara shi ne takardar da aka rubuta a lokacin da abin ya faru.

A kan suna da ranar haihuwa, ka kawo takardar haihuwa, fasfo, katin zama na dindindin, katin SSN, da kwantiragin shiga soja, wato DD 4. In DD 4 ta rubuta sunanka daidai DD 214 ta saɓa, magana ta ƙare. In kuwa tun daga DD 4 kuskuren ya fara, ka yi shekaru kana sa hannu a kansa, aikin ya fi wuya, domin hukumar za ta ce da wannan sunan ka yi aiki. A nan sai ka nuna takardun da suka girmi shigarka soja. Takardar haihuwa ta Faransanci daga Nijar ko Kamaru ko Cadi, a haɗa ta da fassarar Ingilishi wadda mai fassarar ya sa hannu ya tabbatar. Takardar rantsuwar shekaru da aka yi a kotu bayan an gano matsalar ba ta da ƙarfin takardar haihuwar asali, kada ka dogara da ita ita kaɗai. Wanda ya sauya suna bayan ya bar aiki kuwa, ya sani hukumomin nan kan ɗauki DD 214 a matsayin shaidar yadda abubuwa suke a ranar sallama. Mafi sauƙi shi ne ya riƙa haɗa ta da umarnin kotun da ya sauya sunan.

A kan muƙami, umarnin ƙarin girma ake so. A kan kwas, satifiket ko rahoton kammalawa, wanda a sojan ƙasa DA 1059 ne. A kan zuwa fagen daga, umarnin tafiya kaɗai yana da rauni, domin yana nuna an ce ka je ne, bai nuna ka isa ba. Ka ƙarfafa shi da takardar albashin wata-wata, LES, wadda ke nuna alawus ɗin haɗari da yafe haraji na yankin yaƙi, da fom ɗin biyan kuɗin tafiya DD 1351-2, da rahoton kimanta aiki da ya ambaci ƙasar, da takardar asibitin sansanin. In LES ɗinka sun ɓace, ofishin albashin soja, DFAS, ake tambaya. Rubutacciyar shaidar abokin aiki tana taimakawa idan ya faɗi rundunarsa da ranaku da abin da ya gani da idonsa, amma ƙari ce a kan takardun hukuma.

Kwafi za ka aika. Na asali su zauna a hannunka, domin ba a dawo da abin da aka aika.

Cika DD 149

Ka sauke sabon samfurin fom ɗin, domin adireshin hukumomin na bayansa kuma yana sauyawa. Wurin da aka ce ka faɗi gyaran da kake so, nan mutane suka fi yin sakaci. "A gyara mini takardata" ba buƙata ba ce. Ka rubuta kamar kai ne akawun da zai buga DD 215: gurbi na 5, a cire 19880308, a sa 19880803. Gurbi na 18, a ƙara aiki a Afganistan daga rana kaza zuwa rana kaza. In kurakuran sun kai uku ko huɗu, ka jera su duka a fom ɗaya, kowane da takardar da ke tabbatar da shi, ka sa wa takardun lamba. Gyara ɗaya yakan jawo wani. Sauya ranar fita a 12b na sauya jimla a 12c, ƙara zuwa fagen daga na taɓa 12f da lambar yabon wannan yaƙin a gurbi na 13. Hukumar takan tsaya ne a kan abin da aka roƙa, don haka ka roƙi duka.

Bayani ya zama gajere. Shafi ɗaya ya wadatar ga kuskuren rubutu. Ƙorafi kan sajan ko kwamanda ba shi da wuri a nan.

Akwai wa'adin shekara 3, kuma yana farawa ne daga ranar da ka gano kuskuren. Fom ɗin zai tambaye ka wannan ranar. Hukumar tana da ikon yafe wa'adin idan adalci ya buƙaci haka, kuma tana yawan yafewa in hujja ta fito fili, amma sai ka nema. Ka faɗi gaskiya a taƙaice, misali cewa ba ka lura ba sai da VA ta ƙi buƙatarka, ka haɗa wasiƙar. Barin wannan wurin fayau kuskure ne. Ƙirƙirar rana kuwa ya fi muni, domin ƙarya a fom ɗin laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara 5.

Za a tambaye ka ko kana son bayyana a gaban hukumar. Ba dole ba ne su amince, kuɗin tafiya naka ne, kuma kusan duk irin waɗannan buƙatu a kan takarda ake yanke su. Ka sa hannu, ka sa kwanan wata. Fom marar sa hannu dawowa yake yi. Ba a biyan ko sisi, kuma ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion da DAV da VFW, da jami'in tsofaffin sojoji na gundumarka, suna taimakawa kyauta. A ganinmu kuskuren rubutu bai kai a ɗauki lauya ba, sai in akwai kuɗi mai yawa a ciki ko an riga an ƙi ka sau ɗaya.

Idan mai takardar ya rasu ko ba ya iya tsaya wa kansa, matarsa ko mijinta, ko ɗa, ko iyaye, ko ɗan'uwa, ko wakilin doka na iya cikewa, tare da takardar mutuwa ko ta wakilci da shaidar dangantaka.

Bayan an aika

Doka ta ce hukumomin su kammala kashi 90 na buƙatu cikin wata 10, dukansu kuma cikin wata 18. Ka shirya wa jiran shekara. In ka koma wani gida ko ka dawo Najeriya ko Nijar, ka sanar da su sabon adireshi da imel, domin wani lokaci sukan nemi ra'ayin wani ofishi a kan buƙatarka, su aiko maka da shi ka mayar da martani, yawanci cikin kwana 30. In ra'ayin ya saɓa maka kuma ka yi shiru, da shi za a yi hukunci.

Wanda aka ƙi, ya karanta dalilin da kyau. Hukuncin kan faɗi takamaimai abin da ya rasa. Ana sake duba buƙata idan an kawo hujjar da hukumar ba ta gani ba a baya. Maimaita tsohuwar magana da ƙarin zafi ba ya motsa kowa. Daga nan sai kotun tarayya, wadda ke da wa'adin shekara 6.

Masu neman gyaran takardar uba ko kaka su san da gobarar 12 ga Yuli 1973 a cibiyar St. Louis, wadda ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18. Ta taɓa kusan kashi 80 na fayilolin sojan ƙasa da aka sallama daga Nuwamba 1912 zuwa farkon 1960, da kusan kashi 75 na sojan sama da aka sallama daga Satumba 1947 zuwa farkon 1964 waɗanda sunayensu suka biyo bayan Hubbard a jerin haruffa. A irin wannan, cibiyar kan haɗa bayani daga takardun albashi da na asibiti da na VA, ta ba da takardar shaida NA 13038 a madadin wadda ta ƙone. Duk wata tsohuwar takarda da ke cikin akwatin iyali tana da amfani a nan.

Ranar da DD 215 ta iso, ka karanta ta gurbi-gurbi, domin ita ma mutum ne ya buga ta. Ba ta maye gurbin DD 214, tare suke tafiya, duk inda za ka miƙa ɗaya ka miƙa ɗayar. A sojan ƙasa, in an riga an fitar da DD 215 biyu kuma aka sake buƙatar gyara, sabuwar DD 214 ake bugawa. Kada ka ɗauka VA za ta farga da gyaran da kanta. Ka aika mata da kwafi, kuma in ta taɓa ƙin wata buƙatarka saboda kuskuren, ka sake shigar da ita da fom 20-0995, ka sa DD 215 a matsayin sabuwar hujja. In ka taɓa yin rajistar DD 214 a ofishin gunduma, ka kai musu gyaran su haɗa. Idan kuma gyaran ya nuna ana bin ka bashin albashi ko alawus, DFAS ce ke lissafawa ta biya, kuma za ta nemi lambar asusunka da adireshinka na yanzu.